GYARA KAYANKA: Idan Sitiyari Ya Yi Kuka, Me Yake Cewa?

Na yi niyyar mu yi zancen injin ban ruwa a wannan wata, amma wata wasiƙa ta zo wadda ba za ta iya jira ba. Wani dattijon ikilisiya ne ya rubuto daga wani ƙauye a ƙasar Dambatta. Ga abin da ya ce:

"Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan gaisuwa, mu 'yan ikilisiya kaɗan ne a ƙauyenmu, babu kuwa mai mota a cikinmu. Bara da damina naƙuda ta kama matar ɗana da tsakar dare, sai a amalanken shanu muka kai ta bakin kwalta. Allah ya taimaka ta sauka lafiya, amma mun ga abin da ya ishe mu. Bana da kaka kowane gida ya kawo abin da ya iya, wani gero, wani gyaɗa, zumuntar mata ma suka kawo nasu, muka sayar muka haɗa kuɗi. Mun sami wata doguwar Golf ta hannu a Kano, har mun ba da kafin alƙalami. Amma da aka zagaya da mu, mun ji tana yin ƙas-ƙas-ƙas in an sha kwana, in ta hau gargada kuwa sai wani gum-gum daga wajen ƙafar direba. Dillali ya ce ba komai ba ne, giris kawai take so. Mu manoma ne, ba mu san ƙarfe ba. Mu biya ko mu fasa?"

Baba, na gode da wasiƙarka, Allah ya raya jikanka. Amsata a taƙaice ita ce, kada ku biya tukuna, kada kuma ku fasa tukuna. Kun riga kun yi abu mafi muhimmanci, watau kun saurara. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Saura mu san ma'anar abin da kunnen ya ji.

YADDA SITIYARI KE JUYA TAYA

Sitiyari linzamin mota ne. Daga abin da direba ke riƙewa akwai sanda wadda ta gangara ta wajen ƙafarsa, ta shiga cikin wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba. Kanikawa suna kiransa rak. In ka juya sitiyari, rak ya matsa hagu ko dama. A kowane bakinsa akwai ɗan hannu da ake kira tayarod, shi ne ke tura taya ko ya jawo ta. Ita tayar kuma tana juyawa a kan wata gaɓa da ke ƙasa, sunanta boljoyin, ta sama kuwa shakazoba ce ke riƙe da ita.

Waɗannan gaɓoɓi kamar kafaɗar mutum suke. Dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin ƙoƙo, da giris a ciki, an rufe da roba don kada giris ya fita, ƙasa kuma kada ta shiga. Muddin robar tana nan lafiya, gaɓa sai ta yi shekaru. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da roba ta yage, rairayi ya gauraya da giris, ya riƙa cin ƙarfen kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

A nan ne ƙasarmu ta bambanta da inda aka ƙera motocin. Daga Bichi zuwa Tsanyawa, daga Dambatta zuwa Makoɗa da Kunchi, da zarar ka sauka daga kwalta sai jigawa da rairayi. Da rani ƙurar hunturu da zafin rana suna busar da roba har ta tsattsage. Da damina ruwa ya yanka hanya, mota ta riƙa faɗawa rami da buhunan hatsi a bayanta. Saboda haka motar da ta yi shekara biyu tana zirga-zirgar kasuwannin ƙauye ta fi wadda ta yi shekara biyar cikin birni gajiyar ƙafa.

MURYOYIN DA ZA KA JI

Kowace cuta da irin kukanta. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Na fari, ƙas-ƙas-ƙas a kwana. Wannan ita ce ƙarar farko da Baba ya ji. Tana zuwa ne in an karya sitiyari sosai mota kuma tana tafiya, tana ƙara sauri yadda taya ke ƙara sauri. Yawanci ba sitiyarin kansa ba ne, kan shaf ne. Tsofaffinmu da suka saba da Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ba su san wannan kuka ba, gama waɗancan da tayoyin baya suke tafiya. Amma Golf da Corolla da yawancin ƙananan motocin yanzu da tayoyin gaba suke ja, don haka akwai shaf da ke kai ƙarfin injin zuwa tayar da ke juyawa. Leƙa bayan taya, za ka ga wata roba mai ninki-ninki. In ta yage, ko ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim, to ka kama ɓarawon. In roba ce kaɗai ta yage ƙara ba ta fara ba, a wanke, a sa sabon giris da sabuwar roba. In ƙara ta riga ta fara, ƙarfe ya ciwu, giris sai dai ya rufe mata baki na 'yan kwanaki. Canji ne maganinta.

Na biyu, gum-gum ko ƙwal-ƙwal a kan gargada. Wannan ita ce ta biyun Baba, ita ce kuma ta fi tayar mini da hankali, gama masu yin ta suna da yawa, wasunsu kuwa masu kisa ne. Yana yiwuwa 'yan sandunan nan ne sirara da ke haɗa shakazoba da ƙarfen da ke hana mota tangaɗi, ko robobin da ake kira bushin. Waɗannan ba su da tsada, ba su kuma kayar da mota nan take. Yana kuma yiwuwa tayarod ne, ko boljoyin, ko rak ɗin kansa. In kana jin bugun yana zuwa har tafin hannunka ta sitiyari, zargi tayarod ko rak. Kunne kaɗai ba zai raba gardama a nan ba, sai an ɗaga mota. Za mu zo kan wannan.

Na uku, ƙiii-ƙiii kamar tsohon ƙyauren zaure, in ana juya sitiyari mota tana tsaye ko tana tafiya a hankali. Gaɓa ce ta bushe, sau da yawa boljoyin. Kada ka raina ta don muryarta ƙarama ce. Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Katsina ko ta Daura ya taɓa ganin mota a gefen titi ta durƙusa kamar raƙumi, taya ɗaya ta kwanta waje. Boljoyin ne ya fita daga ƙoƙonsa. Wanda abin ya same shi yana tafiya a hankali ya gode wa Allah. In kuwa ƙarar daga sama take zuwa, wajen bonet, kana jin sifirin yana yin tau kamar an saki tsirkiya, to boris ɗin da ke kan shakazoba ne ya cije.

Na huɗu, gurnani ko nishi, wuuu, duk lokacin da aka juya sitiyari, yana ƙaruwa in an taka totur. Wannan na motoci ne masu famfon da ke sauƙaƙa sitiyari. Buɗe bonet ka duba ɗan tulun mansa. In mai ya yi ƙasa, akwai inda yake yoyo, gama ba ƙonewa yake yi ba. In ka ga kumfa, iska na shiga. In ya yi baƙi yana ƙauri, famfon ya sha wuya. Sa'an nan ka matsa robobin bakin rak da yatsa. In mai ya tsiyayo daga ciki, rak ɗin na yoyo, wannan kuwa gyara ne mai cin kuɗi. A kula, ba kowace mota ke shan jan man giya a sitiyari ba. Toyota da yawa suna shansa, amma Golf da Honda kowacce da irin nata. Akwai kuma motocin baya-bayan nan da lantarki ke taimakon sitiyarinsu, su ba su da tulu ko famfo sam. Ɗan huci kaɗan in an karya sitiyari har ƙarshe ba laifi ba ne, sai dai kada a riƙe shi a can, yana gajiyar da famfo.

Na biyar, tsuwa mai kaifi, tsiii, musamman da sassafe ko in an kai sitiyari ƙarshe. Bel ne ya saki ko ya tsufa yana santsi. Wannan mai sauƙi ne.

Na shida, ruri kamar jirgin sama daga nesa, wanda ke ƙaruwa da gudu. Boris ɗin taya ne. A hanya mai fili, karkata kaɗan hagu, sa'an nan dama. In rurin ya ƙaru sa'ad da ka karkata hagu, yawanci na dama ne ya lalace, domin nauyi a kansa ya koma.

Akwai kuma ƙararrakin da ba su kai a damu ba, kamar robar da ke rufe sandar sitiyari tana goga, ko taya mai girma fiye da kima tana taɓa jikin mota a kwana. In sitiyari yana karkarwa a hannu sa'ad da mota ta ɗauki gudu, a fara duba balansin taya da lanƙwasar rim. In sai an taka birki yake karkarwa, faifan birki ne.

GWAJIN DA ZA KU YI KAFIN KU BIYA

Baba, ku koma da bakanikenku, wanda ku za ku biya shi ladan aikinsa. Bakaniken da dillali ya kawo, na dillali ne. Ku je da safe, kafin a ɗumama motar, gama mota mai sanyi ba ta iya ɓoye ciwonta. A kashe rediyo, a sauke gilasai, kowa ya yi shiru.

Da fari a tsaye. A tayar da injin, tayoyi su miƙe. Mutum ɗaya ya riƙa motsa sitiyari hagu da dama kaɗan kaɗan, wani ya tsuguna yana kallon taya. A motar da ke da rak, bai kamata bakin sitiyari ya motsa fiye da faɗin yatsa ɗaya ba kafin taya ta amsa. In ya kai yatsu biyu ko uku taya tana barci, akwai gaɓar da ta ciwu.

Sa'an nan a ɗaga gaba da jak. A nemi wuri mai tauri. In rairayi ne a sa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, a tare tayoyin baya da duwatsu, a kuma tokare motar da kututture. Kada kowa ya sa kansa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kama taya hannu ɗaya gaba ɗaya baya, ka girgiza. In ta yi lakwa-lakwa, tayarod ne ko rak. Sake kama ta sama da ƙasa, ka girgiza. In ta motsa, boljoyin ne ko boris. Don a rarrabe su, wani ya taka birki, ka sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ne. In yana nan, boljoyin ne. Bakanike kuma ya sa ƙarfen cire taya ya ɗan ɗaga gaɓar ya gani da ido.

Tun da taya tana sama, shafa ta da tafin hannu. In gefe ɗaya ya cinye ɗaya yana nan, ƙafar motar ba ta daidaita ba. In kuwa tayoyin gaba sababbi ne fil, na baya tsofaffi, tambayi dalili. Wani lokaci an canja su ne don a ɓoye shaida.

Daga nan a fita da ita. A sami fili, a karya sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali ta hagu, a zagaya ta dama, a yi haka da ribas. A bi hanyar burji mai gargada, irin wadda za ta riƙa bi in ta zo gida. A hau kwalta a ga ko tana jan gefe ɗaya, a kuma ga ko sitiyari yana komawa tsakiya da kansa bayan kwana. In sai an jawo shi da hannu, wani abu ya cije ko ya lanƙwashe, mai yiwuwa motar ta taɓa yin karo.

ABIN DA AKE ƁOYEWA

Ba na cewa duk dillalai macuta ne. Akwai masu amana a cikinsu, Musulmi da Kirista. Amma na taɓa kwance tayarod na tarar an cusa leda a ƙoƙonsa, an bubbuge bakin da guduma don ya yi tsam. Irin wannan yakan yi shiru mako ɗaya ko biyu, daidai lokacin da ciniki zai faɗa. Na ga wanda aka ɗura wa giris da allura, na ga famfon da aka cika da mai mai kauri don ya daina nishi. Don haka in ka ga gaɓa ɗaya ta sha sabon giris sauran duk sun yi ƙura, ko ka ga sawun guduma ko na walda, tsaya ka yi tambaya.

Abu ɗaya kuma da ya fi duka. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasarmu ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari kuwa ya koma hagu. Amma har yanzu ana shigo da motoci daga ƙasashen da ke bin hannun hagu, kamar Ingila da Japan, sai a yanke sitiyarin a mayar da shi ɗaya gefen. Dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, Hukumar Kiyaye Haɗura kuwa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan waɗanda aka juya. Alamarsu ba ta ɓuya ga mai lura. Duba waifa, ko tana share gefen fasinja fiye da na direba. Duba mabuɗin bonet, ko yana can gefen dama. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gefen fasinja ka ga ko akwai ramukan da aka toshe. Leƙa sandar sitiyari da tocila, ko an yi mata walda. In ka ga haka, komai arharta bar ta. Araha ba ta ado.

AMSA GA BABA

To, Baba, ga shawarata. Ƙas-ƙas ɗin nan, in kan shaf ne kamar yadda nake zato, ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne. Gum-gum ɗin kuwa sai an ɗaga mota. In 'yan sanduna ne, ko bushin, ko tayarod, ko boljoyin, bakanike ya je Kofar Ruwa ya tambayo kuɗin kayan, a haɗa da ladan aiki, a cire daga kuɗin motar. A yi gyaran a Kano kafin kowa ya hau ta zuwa gida. In rak ne ya ciwu ko yana yoyo, ku yi lissafi da kyau, kada kuɗin gyara ya cinye na takardu da na mai. In an juya sitiyari, ko mai motar ya ƙi yarda a ɗaga ta, ku tafi, ko da kafin alƙalamin zai salwanta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wajen gyara kuma ku tsaya a kai. In tayarod ko boljoyin na gefe ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa ma yana hanya, gara a canja su tare. Ba a yi wa kayan sitiyari walda, ba a miƙe wanda ya lanƙwashe da wuta. Notin da ke da ramin fil a sa masa fil ɗinsa, kada a sa ƙusa ko waya. Bayan an gama a kai ta a yi alaimen, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye kafin damina. Sa'an nan ku naɗa mutum ɗaya wanda kowace Asabar zai leƙa robobin nan ya duba mai. Ku buɗe asusun gyara tun yau, kada a jira sai ta tsaya a ce za a yi baiko na musamman. Kada kuma a yi mata lodin akori-kura don za a kai hatsi Dawanau.

Wani zai ce, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rayukanmu a hannun Allah suke. Amma a Maimaitawar Shari'a 22:8 Ubangiji ya umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Allah da ke tsaron rai shi ne ya ce a yi rawanin. Ku duba ƙasarmu. Gona na jikin gona, gida na kallon gida, hanya ta ratsa tsakanin shinge da shinge. Ga yara masu kora awaki, ga jakuna ɗauke da taki, ga mata a bakin rijiya. In sitiyari ya tsinke a nan, ba dajin da mota za ta faɗa, a kan mutane za ta tsaya. Motar da aka saya don ceton mai naƙuda kada ta zama sanadin makoki a gidan maƙwabci.

Kalma ta ƙarshe ga mu duka, gama wanda ya saya yau shi zai sayar gobe. Littafin Karin Magana 11:1 ya nuna Ubangiji yana ƙin ma'aunin zamba, leda a cikin tayarod kuwa mudu ne mai lotsattsen gindi. In za ka sayar da motarka, faɗi ciwonta, ka rage kuɗi, ka kwana da salama. Amma littafin bai ƙyale mai saye ba. A 20:14 ya zana mutumin da ke kushe kaya a gaban mai su, in ya ba da baya sai ya yi ta fahariya da arhar da ya samu. Saboda haka, Baba, ku nemi ragi daidai da abin da bakanike ya gani, kada ku ƙara ko kwabo na ƙarya. Mai motar zai san da irin mutanen da ya yi ciniki.

Ku rubuto mini yadda kuka ƙare. A watan gobe, in Ubangiji ya yarda, za mu koma kan injin ban ruwa, tun da noman rani ya matso. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku. Ku huta lafiya.